Laluben Tarihin Gwagwarmayar Baƙar Fata da Fursunonin Amurka a Taskokin Intanet

Maudu'in wannan lacca shi ne yadda ake laluben tarihin gwagwarmayar 'yantar da baƙar fata da fafutukar fursunoni a Amurka cikin taskokin da aka ɗora a intanet, da abubuwan da ya kamata ɗalibi ko manazarci ya sani kafin ya gaskata jerin sakamakon da kwamfuta ta fito masa da shi. Abin da ake nufi da taska a nan shi ne wurin da ake tattara takardu da hotuna da muryoyin da aka naɗa, a jera su, a yi wa kowanne bayani domin masu bincike su same shi. Taskar intanet kuwa ita ce wadda aka ɗauki hoton takardunta, aka mayar da kaset-kaset ɗinta fayilolin kwamfuta, sannan aka buɗe mata shafi mai ɗauke da akwatin da ake rubuta kalma a nemo ta. Wannan akwati tamkar ɗan aike ne da ba ya kawo komai sai abin da aka ambata masa da sunansa, kuma sunan da yake ganewa shi ne wanda wani mutum, ɗan gwagwarmaya ko ɗan sanda ko ma'aikacin taska, ya riga ya laƙaba wa abin. A tarihin da ɓangarorinsa suka yi ta jayayya kan sunan kowane abu, tun daga sunan mutum har zuwa sunan abin da ya faru, wannan matsala ce babba.

Ya kamata a fara da dalilin da ya sa kurkuku ya zauna a tsakiyar wannan tarihi. Gyara na 13 da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1865 ya haramta bauta da aikin tilas, amma ya togace wanda kotu ta samu da laifi, kuma ta wannan kafa ce jihohin kudu suka riƙa kama 'yantattun bayi bisa ƙananan laifuffuka suna ba da hayarsu ga masu gonaki da masu haƙar ma'adinai da kamfanonin shimfiɗa layin dogo. Babban kurkukun jihar Luwiziyana, wanda ake kira Angola, har yau yana zaune ne a kan filin da a da gonar bayi ce. Malcolm X ya yi zaman gidan yari a jihar Massachusetts daga 1946 zuwa 1952, a can ya shiga ƙungiyar Nation of Islam, kuma mabiya wannan ƙungiya ne suka fara buɗe wa fursunoni ƙofar kotu: a 1964 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar Thomas Cooper, fursuna a jihar Illinois da aka hana littattafan addini, cewa fursunan jiha yana da damar kai hukumar gidan yari ƙara a kotun tarayya. Da aka kafa jam'iyyar Black Panther a birnin Oakland a watan Oktoba na 1966, ƙarƙashin Huey Newton da Bobby Seale, ba a jima ba shugabanninta suka fara shiga kurkuku, fursunoni kuma suka fara shiga jam'iyyar daga cikin kurkuku. A farkon shekarun 1970 fursunonin gidajen yarin jihohi da na tarayya ba su wuce kimanin 200,000 ba. Zuwa 2009 sun kai kimanin miliyan 1.6, ban da waɗanda ke tsare a gidajen wakafi na ƙananan hukumomi.

Daga cikin taskokin da suka keɓe kansu ga wannan tarihi, wadda ta fi dacewa a ɗauka misali ita ce Freedom Archives, wadda aka kafa a San Francisco ta jihar Kalifoniya a 1999. Asalinta muryoyi ne da wasu matasan ma'aikatan rediyon al'umma na yankin, a tashoshi irin su KPFA, suka naɗa tun daga ƙarshen shekarun 1960 har zuwa tsakiyar shekarun 1990: jawabai a wurin gangami, hira da fursunoni, rahotanni daga harabar kotu, waƙoƙi da kiɗan gwagwarmaya. Taskar ta ce tana riƙe da sama da awa 12,000 na murya da bidiyo, tare da ƙasidu da jaridu da wasiƙu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Claude Marks, shi kansa ya yi zaman kurkuku a shekarun 1990 bisa tuhumar da ta shafi yunƙurin kuɓutar da wani ɗan gwagwarmayar Puerto Rico. Wannan bayani yana da amfani ga mai bincike, domin yana nuna masa cewa 'yan gwagwarmaya ne suka tara kayan, su suka zaɓi abin da za a naɗa, su kuma suka rubuta bayaninsa da harshensu. Taskar ba ta ɓoye matsayinta, kuma wannan ya fi sauƙin mu'amala a kan taskar da take da matsayi amma take nuna kamar ba ruwanta.

Abu na farko da ke yaudarar sabon mai bincike shi ne zaton cewa akwatin bincike yana sauraron abin da ke cikin kaset. A mafi yawan taskoki abin da akwatin yake karantawa shi ne bayanin da aka rubuta game da kaset ɗin, wato take, da kwanan wata, da sunan mai magana, da wasu 'yan kalmomin da aka zaɓa don nuna maudu'i, da taƙaitaccen bayani na layi uku ko huɗu. Faifan awa guda da aka naɗa a wurin wani gangami zai iya ƙunsar masu jawabi shida, amma idan abin da aka rubuta a jikin kwalinsa da alƙalami shekaru hamsin da suka wuce sunan mutum biyu ne kawai, kuma wanda ya shigar da bayanin cikin kwamfuta bai gane sauran muryoyin ba, to mutum huɗu sun ɓace wa mai nema duk da cewa muryarsu tana nan. Kafin ma a kai ga rubuta bayani akwai wahalar ceto faifan kansa, domin wasu nau'o'in zaren naɗar murya na shekarun 1970 da 1980 suna shan danshi har maganin da ya riƙe fuskarsu ya yi danƙo, idan aka kunna su haka sai su goge a jikin na'ura; masu gyara sukan gasa su a tanda mai ƙaramin zafi na tsawon awoyi don su bushe, a samu damar kwafe su. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, shi ya sa abin da ake iya saurara a intanet ɓangare ne kawai na abin da ke ajiye. Sau da yawa mai bincike zai tarar da bayanin faifai babu faifan, kuma maganin wannan shi ne ya rubuta wa masu kula da taskar.

Takardu ma suna da tasu matsalar. Akwai manhajar da ke duba hoton shafi ta mayar da haruffansa rubutun da kwamfuta za ta iya nema, kuma tana aiki sosai a kan littafin da aka buga da kyau. Amma jaridar The Black Panther, wadda ta fito daga 1967 zuwa 1980, an buga ta ne a kan takarda mai araha, da manyan kanun labarai da zane-zanen Emory Douglas da rubutu a kan launi, ƙasidun fursunoni kuwa an buga da yawansu da keken rubutu mai dusasshiyar tawada sannan aka juya su a injin da ake murzawa da hannu. A irin wannan shafi manhajar takan rikita harafi da harafi, ta haɗe layukan sahu biyu, ta tsallake rubutun hannu gaba ɗaya. Saboda haka idan akwati ya ce babu sakamako, abin da hakan yake tabbatarwa kawai shi ne kwamfuta ba ta ga kalmar ba, kuma mai bincike na ƙwarai yakan koma ya bi fitowar jaridar ɗaya bayan ɗaya da idonsa a watannin da yake zargin labarin ya fito.

Sai batun sunaye, wanda a wannan fage ya fi na kowane fage wahala, domin sauya suna wani ɓangare ne na gwagwarmayar kanta: mutane sun yar da sunayen da suke ganin na iyayengijin bayi ne, suka ɗauki na Afirka ko na Musulunci. Stokely Carmichael ya zama Kwame Ture bayan ya koma Gini, inda ya rasu a Konakiri a 1998, H. Rap Brown ya zama Jamil Abdullah Al-Amin bayan ya musulunta a kurkuku. JoAnne Chesimard ta zama Assata Shakur. Richard Moore ya zama Dhoruba bin Wahad. Anthony Bottom ya zama Jalil Muntaqim. Ƙa'idar da ke bayan wannan mai sauƙi ce: takardun kotu da na 'yan sanda da manyan jaridu sun riƙe tsohon suna, takardun 'yan gwagwarmaya sun riƙe sabon, saboda haka wanda ya nemi suna ɗaya ya riga ya zaɓi ɓangaren da zai ji ba tare da ya sani ba. Haka abin yake ga kalmomin da ake kiran aukuwa da su. Abin da hukuma ta rubuta da kalmar riot, wato tarzoma, fursunoni sun rubuta shi da rebellion ko uprising, wato bore; wanda hukuma ta kira inmate, su sun kira shi political prisoner ko prisoner of war. Mabiya ƙungiyar Republic of New Afrika, wadda aka kafa a Detroit a 1968, suna rubuta Afirka da harafin k da gangan, kuma akwatin da ba a koya wa wannan ba zai ɗauki rubutun biyu kalmomi ne daban. Mai neman labarin fursunonin Luwiziyana uku da aka sani da Angola 3, wato Herman Wallace da Robert King da Albert Woodfox, wanda ya shafe sama da shekara 40 a ɗaurin kaɗaici kafin a sake shi a 2016, zai tarar da sakamakonsa cakuɗe da rahotannin yaƙin 'yancin ƙasar Angola. Musulmi mai karatu kuma zai lura cewa takardun hukuma na wancan zamani suna tara kowa a ƙarƙashin laƙabin Black Muslims, alhali aƙidar Nation of Islam ta lokacin Elijah Muhammad ta sha bamban da ta Ahlus Sunna, kuma sai bayan rasuwarsa a 1975 ɗansa Warith Deen Mohammed ya ja mafi yawan mabiya zuwa Musulunci na asali.

Za a fi ganin yadda waɗannan matsaloli ke haɗuwa idan aka bi zare ɗaya, daga George Jackson zuwa kurkukun Attica. An yanke wa Jackson hukunci yana ɗan shekara 18 ko 19 bisa fashin dala 70 a gidan mai, irin hukuncin da Kalifoniya ke yi a lokacin mai buɗaɗɗen wa'adi, daga shekara ɗaya zuwa rai da rai, wanda ke barin ranar sakin mutum a hannun hukuma. A ranar 13 ga Janairu 1970 wani ganduroba ya harbe fursunoni baƙaƙe uku a kurkukun Soledad. Bayan 'yan kwanaki aka kashe wani ganduroba, aka tuhumi Jackson da Fleeta Drumgo da John Clutchette. A wannan shekara aka buga wasiƙunsa a littafin Soledad Brother, a watan Agustanta kuma ƙaninsa Jonathan, ɗan shekara 17, ya mutu tare da wani alƙali da fursunoni biyu a yunƙurin da ya yi da makami a kotun gundumar Marin, lamarin da ya jawo kama 'yar gwagwarmaya Angela Davis, wadda kotu ta wanke a watan Yuni na 1972. An harbe George Jackson a kurkukun San Quentin ranar 21 ga Agusta 1971, a ranar da gandurobobi uku da wasu fursunoni biyu su ma suka mutu. Hukuma ta ce an shigo masa da bindiga ya yi yunƙurin tserewa, magoya bayansa suka ce tarko aka ɗana masa, kuma har yau ba a daidaita ba. Mai binciken da ya tsaya a taskar 'yan gwagwarmaya zai ji abin da ya shafi mutuwar Jackson filla-filla, ya ji kaɗan game da sauran mamatan biyar; wanda ya tsaya a manyan jaridu zai samu akasin haka.

Cikin kwanakin da suka biyo baya, ɗaruruwan fursunonin Attica a jihar New York suka shiga ɗakin cin abinci shiru, da baƙin ƙyalle a damtse, suka ƙi taɓa abinci. Kafin nan, a watan Yuli, wasunsu sun aika wa hukuma takardar buƙatu da suka gina a kan wadda fursunonin Folsom na Kalifoniya suka fitar a yajin aikinsu na watan Nuwamba 1970; wannan alaƙa ba ta bayyana ga wanda ya nemi kalmar Attica kaɗai, sai ga wanda ya ajiye takardun biyu gefe da gefe. Gidan yarin yana ɗauke da mutum sama da 2,200, fiye da rabinsu baƙaƙe, gandurobobi kusan duka fararen fata, ana wanka sau ɗaya a mako. Ranar 9 ga Satumba 1971 fursunoni kimanin 1,300 suka ƙwace wani sashe na gidan suka yi garkuwa da ma'aikata, kuma fursunoni Musulmi ne suka kewaye waɗanda aka yi garkuwa da su don kada a taɓa su. Tattaunawa ta cije a kan batun afuwa bayan ganduroba William Quinn ya rasu sakamakon raunin da aka ji masa a ranar farko, Gwamna Nelson Rockefeller ya ƙi zuwa wurin, kuma da safiyar 13 ga Satumba 'yan sandan jiha da gandurobobi suka buɗe wuta, suka kashe fursunoni 29 da mutum 10 daga cikin waɗanda aka yi garkuwa da su. Jimillar mamatan boren 43 ne.

Darasin binciken yana cikin abin da ya biyo baya. A ranar, jami'ai sun shaida wa 'yan jarida cewa fursunoni ne suka yi wa waɗanda suka riƙe yankan rago, kuma manyan jaridu suka buga haka. Kashegari likitan binciken gawa, John Edland, ya bayyana cewa harsashi ne ya kashe su, alhali fursunonin ba su da bindiga. Shafukan jaridun ranar 14 ga Satumba suna nan a taskokin intanet yadda aka buga su, babu wata alama a jikinsu da ke gargaɗin cewa ƙarya ce, kuma akwatin bincike zai kawo su tare da na ranar 15 ba tare da ya fifita ɗaya ba. Saboda haka jera sakamako bisa kwanan wata ya fi jera shi bisa abin da kwamfuta ta ga ya fi dacewa, domin a wannan tarihi kwana ɗaya tak yakan raba labari da kishiyarsa. An gurfanar da fursunoni 62 da ɗan sanda ɗaya kacal, kafin Gwamna Hugh Carey ya rufe shari'o'in a 1976; a 2000 jihar ta amince ta biya tsofaffin fursunonin dala miliyan 8. Wani ɓangare na rahoton binciken da aka sani da rahoton Meyer ya kasance a rufe har 2015, abin da aka saki ma an tauye shi. Masaniyar tarihi Heather Ann Thompson, wadda littafinta Blood in the Water ya fito a 2016 ya kuma ci lambar Pulitzer a 2017, ta dogara ne a wani ɓangare kan tulin takardun da ta ci karo da su a ginin wata kotu a birnin Buffalo a 2006, waɗanda ba a jera su a kowane kundi ba.

Kishiyar taskar 'yan gwagwarmaya ita ce taskar hukuma, kuma mafi shahara a cikinta ita ce ta hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya, FBI, wadda ta ɗora dubban shafukan fayilolinta a shafin da ta kira Vault. Daga 1956 zuwa 1971 hukumar ta gudanar da wani shirin sirri mai suna COINTELPRO, wanda aikinsa shi ne kutsawa cikin ƙungiyoyi da wargaza su, kuma a 1967 ta buɗe masa reshe na musamman a kan ƙungiyoyin baƙar fata. Asirin ya tonu ne bayan wasu 'yan fafutuka sun fasa ƙaramin ofishin hukumar a garin Media na jihar Pennsylvania a daren 8 ga Maris 1971, daren damben Muhammad Ali da Joe Frazier, suka kwashe takardu sama da 1,000 suka aika wa jaridu. Daga baya kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata Frank Church ya bincika a 1975 da 1976. An kuma gano cewa ɗan rahoton hukumar ne ya ba da zanen gidan da 'yan sandan Chicago suka kashe 'yan Black Panther biyu, Fred Hampton, mai shekara 21, da Mark Clark, a ranar 4 ga Disamba 1969. Fayilolin sun fitar da mutane daga kurkuku: an soke hukuncin Dhoruba bin Wahad a 1990 bayan shekara 19, da na Geronimo Pratt a 1997 bayan shekara 27, saboda an ɓoye wa lauyoyinsu hujjoji. Duk da haka karanta su yana buƙatar taka-tsantsan iri uku a lokaci guda. Dokar 'yancin samun bayanai ta 1966 ta ba hukuma damar shafe sunaye da layuka, saboda haka shafi yakan zo rabinsa a toshe, kuma abin da aka toshe ba ya nemuwa. Rahoton ɗan leƙen asiri da ake biya yana karkata ga abin da mai biya yake son ji. Sannan hukumar da kanta ta ƙirƙiri wasiƙun bogi, har da waɗanda ta aika don rura wutar gaba tsakanin Huey Newton da Eldridge Cleaver, wanda ke jagorantar reshen jam'iyyar a Aljeriya. Wasiƙa mai ɗauke da sunan ɗan gwagwarmaya a cikin fayil tana iya zama rubutun jami'i.

Manazartan tarihin Arewacin Najeriya sun san irin wannan aiki, domin wanda ya nemi labarin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ko ɗaurin da aka riƙa yi wa Hajiya Gambo Sawaba, a fayilolin gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, zai same shi ne da harshen waɗanda suka yi ɗaurin, sai ya haɗa da bakin waɗanda aka ɗaure kafin ya samu cikakken bayani. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma daɗi daban, gaskiya daban, kuma taskar 'yan gwagwarmaya ita ma tana da wuraren da take yin shiru. Jaridar jam'iyyar Black Panther ba ita ce wurin da za a samu gaskiyar kisan Alex Rackley ba, ɗan jam'iyyar da 'yan'uwansa suka azabtar suka kashe a 1969 a jihar Connecticut bisa zargin leƙen asiri. Bayan jam'iyyar ta rabu gida biyu a 1971 kuma jaridar muryar ɓangaren Oakland ce kawai, ɓangaren New York yana da tasa mai suna Right On!. Mata ma sun samu ƙaramin wuri a bayanan da ake nema da su. Wanda bai riga ya san sunan Joan Little ba, fursunar da ta kashe ganduroban da ya yi mata fyaɗe a jihar North Carolina a 1974 kuma kotu ta wanke ta a 1975, ko boren matan kurkukun Bedford Hills na watan Agusta 1974, da wuya akwati ya kai shi gare su, domin kalmomin da aka fi laƙabawa sun taru ne a kan wasu 'yan mazaje da suka yi suna.

Wani lokaci takardar da hukuma ta rubuta don wata manufa takan yi amfanin da ba a yi nufi ba. Bayan mutuwar George Jackson gandurobobi sun kwashe kayan ɗakinsa suka rubuta jerin littattafai 99 da suka samu, kuma wannan jeri, wanda aka yi shi a matsayin lissafin kayan da aka ƙwace, ya zama mafi ingancin shaida kan abin da yake karantawa. Akasin haka ma yana faruwa, inda abin da 'yan gwagwarmaya suka adana ya zama makami a kansu. A 2007 hukumomin Kalifoniya sun tuhumi tsofaffin 'yan Black Panther takwas kan kisan wani ɗan sanda a San Francisco a 1971, duk da cewa kotu ta yi watsi da tuhumar farko tun a shekarun 1970 saboda an tilasta wa waɗanda ake zargi amsa laifi ta hanyar azabtarwa a New Orleans. Tunda tuhumar kisa ba ta tsufa a dokar Amurka, masu kula da taska suna auna abin da za su ɗora a fili, kuma wani ɓangare na giɓin da mai bincike yake gani an bar shi ne da gangan don kare waɗanda ke raye. Wajibi ne shi ma ya yi irin wannan awo kafin ya yaɗa sunan wani fursunan da ya ci karo da wasiƙarsa.

A aikace, manazarci ba ya dogara da taska ɗaya. Tarin jaridun fursunoni mai suna American Prison Newspapers, wanda ake karantawa kyauta a dandalin JSTOR, yana ɗauke da jaridun da aka buga a cikin gidajen yari, waɗanda yawancinsu sai sun bi ta hannun mai tace labarai na hukuma kafin su fito, saboda haka muryarsu ta bambanta da ta ƙasidun da aka fitar a ɓoye. Takardun gidauniyar Huey Newton suna Jami'ar Stanford, inda abin da ake samu a intanet galibi kundin jagora ne, wato jerin akwatuna da fayilolin da ke ciki, ba takardun kansu ba. Duk abin da aka samu ya kamata a rubuta lambar ajiyarsa da ranar da aka naɗe shi da sunan tarin da yake ciki, domin adireshin shafi yana mutuwa idan aka sake fasalin taska, lambar ajiya kuwa tana nan. Ga wanda ke aiki daga inda data ke da tsada, karanta bayanan faifai tukuna sannan a sauke waɗanda suka cancanta ya fi a yi ta kunnawa.

Akwai kuma rukunin mutanen da akwatin bincike ba ya isa gare su sam, su ne fursunonin Amurka na yau, waɗanda mafi yawansu ba su da damar shiga intanet a buɗe. A Kalifoniya hukumar gidajen yari ta daɗe tana ɗaukar mallakar rubuce-rubucen George Jackson, ko takardun bikin Black August da fursunoni suka fara a 1979 don tunawa da mamatansu, a matsayin hujjar cewa mutum ɗan ƙungiyar daba ne, hujjar da a lokacin take iya kai shi ɗaurin kaɗaici mara wa'adi. Wannan tsari yana cikin abin da ya haddasa yajin cin abinci na 2011 da na 2013, inda kimanin fursunoni 30,000 suka shiga na 2013 a ranarsa ta farko, kafin a yi sulhu a kotu a 2015. A New York an hana littafin Thompson shiga gidajen yari har sai da ta kai ƙara a 2022, sannan hukuma ta yarda a shigar da shi bayan an cire taswirar kurkukun. Abin da ke fitowa daga ciki kuwa har yanzu ta gidan waya yake zuwa: taskar American Prison Writing Archive tana karɓar rubuce-rubucen fursunoni, da yawansu da rubutun hannu, ta ɗauki hotonsu ta ɗora, sannan 'yan sa-kai su zauna su kwafe su harafi da harafi, kuma kafin a kwafe takarda ba a iya neman kalmomin da ke cikinta.